Ekinasiya da Maganin Mura a Paraku da Jugu: Abin da Gwaji Ya Nuna da Aikin da Ke Gabanmu

Tsakure

Wannan takarda ta dubi ekinasiya, tsiron Arewacin Amurka da ake tallatawa a matsayin maganin mura mai ƙarfafa garkuwar jiki, ta fuskar mai saye a kasuwar Arzèkè ta Paraku da kasuwar Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin. An bi tarihin tsiron da manyan gwaje-gwajen da aka yi masa tsakanin 2003 da 2014, sannan aka ajiye sakamakonsu kusa da abin da mutanenmu suka saba sha ko shafawa idan mura ta kama su. Matsayin takardar shi ne amfanin ekinasiya ga mura bai taka kara ya karya ba, kuma abin da ya kamata mu aro daga labarinta shi ne yadda aka gwada ta, domin mu yi wa namu tsirrai irin wannan gwaji.

1.0 Gabatarwa



Paraku da Jugu ba baƙin garuruwa ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Faransawa ayarin fatake ke ratsa Borgu da Jugu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su tafi da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan hanya a littafinsa na 1980 kan cinikin goro. Inda ayari ya yada zango ya zama unguwa, kuma har yau ana jin Hausa a kasuwannin garuruwan biyu tare da Dendi da Baribanci da Fulatanci da Yarbanci. A ƙidayar 2013 gundumar kowanne daga cikinsu ta haura mutum 250,000. Paraku ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kwatano, kuma daga nan hanyoyi suka rabu zuwa Malanbil da Nijar, zuwa Nikki da iyakar Najeriya, zuwa Jugu da Togo. Gari mai irin wannan matsayi, duk abin da ya shigo kasuwar duniya ba ya daɗewa bai iso shi ba, har da magani, nagari da jabu.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu kan sauko da ƙura da bushewar iska. Leɓe ya tsage, hanci ya toshe, tari ya cika masallatai da azuzuwa. Ɗan zemijan da ke yini a kan babur da mai tireda a bakin titi su suka fi shan wannan ƙura. A lokacin ne cinikin maganin mura ke buɗewa, a kanti da kan tabarma da cikin wayar hannu.

Ekinasiya ba ta cikin itatuwan dajinmu, ba kuma za ka same ta a shimfiɗar ɗan magori tsakanin sassaƙe da saiwoyi ba. Hanyarta ta daban ce. Tana zuwa a ƙwaya ko a ruwan ɗigawa, cikin kwalba mai rubutun Faransanci ko Ingilishi, ta hannun masu sayar da kayan ƙarin kuzari da wakilan kamfanonin da ke talla gida-gida da kuma a WhatsApp. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa irin waɗannan kaya farin jini. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki: duk wanda ke da kwalba ya rubuta mata "garkuwar jiki" a goshi.

2.0 Asalin tsiron

Ekinasiya 'yar dangin furen sunfulawa ce, mai fure ja-ja da tsakiya mai ƙaya. Iri uku ake magani da su: Echinacea purpurea da Echinacea angustifolia da Echinacea pallida. Mutanen asali na filayen tsakiyar Amurka su suka fara amfani da saiwarta, don ciwon haƙori da ciwon maƙogwaro da rauni da saran maciji. Wato maganin gargajiya ce kamar sabara ko ɗunɗu, gargajiyar wasu ce kawai.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani Bajamushe mazaunin Nebraska, H. C. F. Meyer, ya haɗa ta a kwalba yana sayarwa da sunan mai wanke jini. Shi ya kai ta ga John King da John Uri Lloyd na Sinsinati, daga nan ta shiga hannun wani rukunin likitocin Amurka masu aiki da tsirrai, ta yi tashe har zuwa shekarun 1920. Da magungunan kashe bakteriya suka bayyana sai tauraronta ya dushe a can. Jamus ce ta raya ta. A shekarun 1930 Gerhard Madaus ya kai irinta gida ya shuka, kamfaninsa ya fitar da Echinacin daga ruwan matsattsen ganyen purpurea. Daga baya Alfred Vogel na Suwizalan ya fitar da Echinaforce. Daga Turai ta sake komawa Amurka a matsayin maganin mura, abin da ba shi ne babban aikinta a hannun masu ita na farko ba.

Akwai wani abu a wannan tarihi da nake so mu riƙe. A shekarun 1980 Rudolf Bauer da abokan aikinsa a Munik sun gano cewa saiwar da aka daɗe ana sayarwa da sunan purpurea sau da yawa ta wani tsiro ce daban, Parthenium integrifolium. An kuma daɗe ana rikita angustifolia da pallida. Ke nan wani ɓangare na tsofaffin binciken, ba a da tabbacin a kan wane tsiro aka yi shi. Idan haka ta faru a ɗakunan binciken Jamus, ina ga kasuwar da tsiro ɗaya ke da suna biyar a harsuna biyar, kuma suna ɗaya ke iya hawa kan tsiro biyu?

3.0 Abin da gwaji ya nuna

Sai mun fara da ita murar kanta. Ƙwayoyin bairos ke kawo ta, iri fiye da 200, mafi yawansu dangin rinobairos. Tana tafiya da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Babba kan yi ta sau 2 ko 3 a shekara, yaro sau 6 zuwa 8. A nan wahalar binciken take. Mutum ba ya neman magani sai ciwo ya yi tsanani, a kwana na biyu ko na uku, daidai lokacin da murar ke shirin juyawa. Duk abin da ya sha a ranar, shi zai yaba wa. Ba ƙarya yake yi ba idan ya ce ya sha ya warke. Abin da bai gani ba shi ne yadda zai kasance da bai sha ba. Saboda haka ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwayar fanko mai kama da shi, ba tare da likita ko majinyaci ya san wa ya sami wanne ba.

An yi wa ekinasiya irin wannan gwaji sau da dama, kuma uku daga ciki sun fi nauyi. A 2003 James Taylor da abokansa a Siyatil sun buga sakamako a mujallar JAMA kan yara 407 'yan shekara 2 zuwa 11. Ekinasiya ba ta rage tsawon murar ba, ba ta rage tsananinta ba. Abin da ta ƙara shi ne ƙuraje: kashi 7.1 cikin 100 a ɓangaren masu shan ta, kashi 2.7 a ɗaya ɓangaren. A 2005 Ronald Turner na Jami'ar Bajiniya ya bi wata hanya mai tsauri. An ɗiga wa 'yan sa-kai ƙwayar rinobairos a hanci da gangan, aka killace su ana duba majinarsu. Mutum 437 suka shiga. Saiwar angustifolia ba ta hana kamuwa ba, ba ta sassauta alamun ba. Masu goyon bayan tsiron suka ce ai abin da aka bayar ya yi kaɗan.

Wannan ƙorafi yana da hujja, kuma gwajin Bruce Barrett na Jami'ar Wiskonsin a 2010 ya amsa shi. Mutum 719, an ba su kwatankwacin giram 10.2 na busasshiyar saiwa a ranar farko, sai giram 5.1 kullum na kwana 4. Masu shan ekinasiya sun riga sauran warkewa da kusan rabin yini, amma tazarar ba ta kai wadda masana ƙididdiga za su cire ta daga dace ba.

Ba duka sakamakon ne ya zo a haka ba, adalci ne a faɗa. A 2007 wasu masana daga Jami'ar Konetikat sun tattara gwaje-gwaje 14 suka ce ekinasiya na rage yiwuwar kamuwa da kashi 58 cikin 100, tana kuma rage tsawon mura da kwana 1.4. Waɗannan su ne alƙaluman da za ka fi gani a takardun talla. Matsalarsu ita ce an zuba kaya daban-daban a ma'auni ɗaya: wani saiwa, wani ganye, wani an gauraya shi da wasu tsirrai. A 2012 an buga wani gwaji na Kadif a Birtaniya, mutum 755 na tsawon wata 4, da ya nuna ɗan amfani wajen rigakafi. Kamfanin da ke yin maganin ne ya ɗauki nauyinsa, kuma mai karatu na da haƙƙin sanin haka.

Hukunci mafi nutsuwa shi ne na ƙungiyar Cochrane a 2014, wadda ta auna gwaje-gwaje 24 masu ɗauke da mutum 4,631. Wajen warkar da murar da ta riga ta kama, ba a tabbatar da amfani ba. Wajen rigakafi, babu gwaji ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa, amma idan aka haɗa su ana hango ragin kashi 10 zuwa 20 cikin 100. A lissafi na sauƙi, wanda ke yin mura sau 3 a shekara zai yi watanni yana saye yana sha don ya tsallake ƙasa da guda ɗaya, in ma ragin gaskiya ne. Ga magidancin da ke ƙirga sefa kafin ya yi cefane, wannan ba ciniki ba ne.

Sai batun abin da ke cikin kwalbar. A 2003 Christine Gilroy da abokanta sun sayi kayan ekinasiya iri 59 a shagunan Denba suka auna. Kashi 10 cikin 100 babu alamar ekinasiya a cikinsu, kuma kusan rabi ne kawai irin tsiron da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jiki. A Amurka ke nan. Mu kuwa muna ƙasar da tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya zo ya yi Kiran Kwatano kan jabun magunguna a watan Oktoba na 2009, ƙasar da a Fabrairun 2017 hukuma ta kwashe tan-tan na magani daga Adjégounlè a kasuwar Dantokpa ta Kwatano. Wanda ya sayi kwalbar da ba ta bi ta hannun hukumar kula da magunguna ba, bai san me ya saya ba.

Akwai waɗanda bai kamata su kusance ta ba ko da ta gaske ce. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta ba da shawara a 2012 kada a ba yara 'yan ƙasa da shekara 12, saboda haɗarin borin jini. Ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce kada a wuce kwana 10 ana shan ruwan purpurea. An kuma ja kunnen masu tarin fuka da masu ƙanjamau da masu cututtukan da garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi mai ita. Waɗannan kuwa su ne mutanen da kalmar "garkuwa" ta fi jan hankalinsu.

4.0 Zancen garkuwar jiki

Gaskiya ne a ɗakin bincike, idan aka zuba ruwan ekinasiya kan fararen ƙwayoyin jini a cikin kwalba, sukan motsa. Amma motsi a kwalba daban, kariya a jikin mutum daban. Masu bincike a Jami'ar Misisipi ma sun nuna cewa babban kaso na wannan motsi daga ɓurɓushin bakteriyar da ke zaune cikin tsiron yake fitowa. Sannan majina da atishawa da toshewar hanci aikin garkuwar ne da kanta yayin da take kokawa da bairos, don haka ingiza ta ba lallai ya kawo sauƙi ba. Abubuwan da aka tabbatar suna kare yaro sanannu ne, ba su da kwalba mai ƙyalli: nonon uwa, allurar rigakafi, isasshen abinci, bitamin A, wanke hannu, da nisantar hayaƙin murhu.

5.0 Abin da ke hannunmu

Bahaushe na danganta mura da sanyi da ƙura, yana kuma tunkararta da abu mai zafi. Lewis Wall ya yi bayanin wannan fahimta ta sanyi da zafi a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa, bayan zamansa a ƙasar Malumfashi. Shi ya sa maganin mura na farko a gidajenmu yana wurin masu kayan yaji: citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, a dafa a shayi ko a zuba a farfesu ko kunu, a matsa lemun tsami, a sa zuma. Sai sirace da ganyen daɗɗoya ko darbejiya, sai dafaffen ganyen sabara don tari, sai man kaɗanya a hanci da ƙirji, sai habbatussauda daga masu maganin Musulunci. Tun 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, kuma a 1989 Édouard Adjanohoun, ɗan wannan ƙasa, ya jagoranci babban kundin tsirran magani na Benin. Rubuta suna da amfani an yi shi. Gwaji ne ya yi ƙaranci.

Ba na cikin masu cewa namu ya fi don namu ne. Ma'aunin da na auna ekinasiya da shi, da shi zan auna citta. Kayan yaji da ruwan zafi suna sanyaya maƙogwaro, suna sassauta majina, suna sa majinyaci ya sha ruwa ya ci abinci, kuma suna da araha. Wannan ya isa dalilin ci gaba da su. Amma cewa suna kashe bairos a jikin mutum, wannan magana ce da ke jiran hujja.

Biyu daga cikinsu sun ɗan wuce matakin ji-ta-ji-ta. Zuma ita ce kan gaba, kuma abin alfahari ne cewa nazarin Cochrane a kanta aikin masana ne daga Kalaba a Najeriya, Olabisi Oduwole da Martin Meremikwu da abokansu. Bugun 2018 ya haɗa gwaje-gwaje 6 da yara 899, ya nuna zuma ta fi ƙwayar fanko da zama ba magani wajen sassauta tarin yara. Sharaɗi ɗaya ne mai ƙarfi: ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, saboda wata guba da ke iya shanye masa jiki. Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye, domin lasa wa jariri zuma al'ada ce a gidaje da yawa. Na biyu shi ne man kaɗanya. A 1979 A. Tella na Jami'ar Legas ya buga wani ƙaramin gwaji a wata mujallar ilimin magunguna ta Birtaniya da ya nuna man na buɗe toshewar hanci. Borgu da Donga, yankunan Paraku da Jugu, cike suke da kaɗanya, mata ke tsinta su ke sarrafawa, ga shi kuma tambayar tana nan a buɗe fiye da shekara 40. Ko shi ma da hattara: ɗura mai a hancin jariri na iya kai shi huhu.

Kada a ce aikin ya fi ƙarfinmu. A Bamako, sashen maganin gargajiya na Mali ya fitar da Balembo, ruwan maganin tari daga itacen Crossopteryx febrifuga, ana sayar da shi a kantin magani da ma'auninsa. A Abuja, cibiyar NIPRD ta haɗa Niprisan don masu sikila, kuma masoro da kanumfari na cikin kayan haɗinsa. Idan muka yi sanyin jiki, labarin Pelargonium sidoides ya ishe mu: saiwa ce ta Afirka ta Kudu da Lesotho da wani Bature, Charles Stevens, ya sha a 1897 ya tafi da ita Ingila, yau kamfanin Jamus ke sayar da ita a duniya don tari da mura, har sai da aka kai ƙara kafin ofishin haƙƙin mallakar ƙirƙira na Turai ya soke wata takardar mallakarsa a 2010.

6.0 Inda haɗarin yake

Mura ba ta cika kisa ba. Abin da ke kisa shi ne ciwon da aka kira mura alhali ba ita ba ce. Yaro ya yi zazzaɓi da tari, uwa ta ce sanyi ne, a yi kwana uku ana sirace, ashe zazzaɓin cizon sauro ne ko ciwon huhu. Arewacin Benin kuma na cikin yankin sanƙarau, wanda ke tashi a daidai lokacin hunturu da bazara. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sauƙi ne, kowace uwa za ta iya koyo: numfashi 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. Haka nan faɗawar ƙirji, ƙin nono, jijjiga, ko sandarewar wuya. Nan babu zancen citta ko ekinasiya, sai asibiti.

A ɗaya gefen kuma ga ƙwayoyin kashe bakteriya da ake saye ɗai-ɗai a teburin bakin hanya don mura, waɗanda ba su taɓa bairos, sai dai su koya wa bakteriya taurin kai. Ga ruwan maganin tari na yara, wanda gurɓataccensa ya hallaka yara kusan 70 a Gambiya a 2022, kamar yadda maganin fitar haƙorin yara na My Pikin ya hallaka 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009. Idan aka dubi wannan, cokalin zuma ga ɗan shekara uku mai tari ya fi kwalabe da yawa aminci.

Kirana ga tsangayar likitanci da ta aikin gona a Jami'ar Paraku, da likitocin babban asibitin Borgu, da shugabannin masu maganin gargajiya na Paraku da Jugu, shi ne su zauna wuri ɗaya su zaɓi abu biyu ko uku daga abin da mutane ke amfani da shi yanzu, man kaɗanya da sabara da haɗin citta da zuma misali. A tantance tsiron da sunansa na kimiyya, a ajiye samfuri, a tsayar da ma'auni, a gwada shi da ƙuri'a cikin hunturu ɗaya, a rubuta sunayen masu ilimin a matsayin abokan aiki, a kuma buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. A fassara shi da Hausa da Dendi da Baribanci, a karanta a rediyo, domin masu saye da sayarwa a Arzèkè su ji shi da kunnensu. Kafin nan, wanda ya zo muku da tambayar ko ya sayi ekinasiya don murar yaronsa, ku ce masa ya riƙe kuɗinsa, ya ƙirga numfashin yaron, in akwai zazzaɓi ya kai shi a gwada jini.